Macen da ba a taɓawa da rana: matan Dalit da Adibasi a adabin Indiya

Mu dai Hausawa idan aka ce Indiya sai mu ji kamar maganar garin kakanninmu ake yi, don tun muna yara muke kallon fina-finansu, daga na sinima zuwa na kaset zuwa wannan zamani na fassara da jarumi zai buɗe baki ka ji Hausar Kano zalla. Mun san sari, mun san jan ɗigon goshi, mun san irin hararar uwar miji. Amma ni kam sai da na girma na shiga karance-karance sannan na lura akwai wata mata da kusan kullum tana cikin fim ɗin amma kyamara ba ta tsayawa a kanta, ita ce mai sharar tsakar gida, mai kwashe kashin shanu, wadda ake miƙo wa ragowar abinci daga bakin ƙofa. Ba ta da waƙa ba ta da rawa, ko sunanta ba a faɗa. To maganar wannan matar ce, da yadda marubutan Indiya suka yi ta juya labarinta kusan shekara casa'in ke nan, da farko wasu suka riƙa rubutu a kanta, daga baya ita da kanta ta karɓi biron.

Bari a ɗan share fage tukuna. A tsarin Hindu na gargajiya tun daga haihuwa aka kasa mutane gida huɗu, Brahmin malamai, Kshatriya sarakuna da mayaƙa, Vaishya 'yan kasuwa, Shudra masu hidima, kuma a ƙarƙashin waɗannan akwai ƙananan gidaje dubbai da suke kira jati. Sai waɗanda ba su ma shiga lissafin ba, su aka bar wa jima da kwasar mushe da yasar masai, aka ce taɓa su najasa ne. Su suka zaɓar wa kansu sunan Dalit, wato wanda aka murƙushe. A ƙidayar 2011 sun kai kashi 16.6 cikin ɗari na mutanen ƙasar, mutum sama da miliyan 200, kuma fa ba a lissafa waɗanda suka musulunta ko suka shiga kiristanci ba. Adibasi kuma su ne ƙabilun asali na dazuzzuka da tsaunuka irin su Santal da Gond da Munda da Oraon, kashi 8.6 cikin ɗari, wajen miliyan 104. Tsarin mulkin 1950 a sashe na 17 ya haramta ƙyamar taɓa mutum, a 1989 kuma aka ƙara doka ta musamman a kan cin zarafin waɗannan mutane. A takarda dai komai ya ji.

Na san wani zai ce ai mu ma muna da binciken asali idan aure ya taso, a ce wannan gidan mahauta ne, wancan gidan wanzamai ne. Akwai kama ta nesa-nesa, ban musa ba, amma mahauci a nan sahu ɗaya yake tsayawa da attajiri a masallaci kafaɗa da kafaɗa, can kuwa a 1927 sai da Dakta Ambedkar ya jagoranci dubban mutane zuwa garin Mahad don kawai su sha ruwa a tafkin gwamnati. Ruwan sha fa.

Shi Ambedkar ɗin, wanda Dalit ne ɗan gidan Mahar kuma shi ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulki, tun 1916 yana ɗalibi a Amurka ya gano bakin zaren. Ya ce abin da ke riƙe da tsarin jati shi ne hana aure a wajen gida, kowa ya auri jininsa. To in haka ne mace ita ce ƙofar, dole a tsare ta. Matar babban gida sai a kulle ta, a aurar da ita da wuri, in mijinta ya mutu a hana ta sake aure don kada jini ya gauraya. Matar ƙaramin gida kuwa babu wanda ya damu da tsare ta, talauci ya fito da ita gonar mai ƙasa tun asuba, kuma duk abin da ya same ta a cikin rake ko a bayan rumbu ba ya ɓata jinin kowa a lissafinsu. Wanda ba zai karɓi kofin ruwa daga hannunta da rana ba, da dare ƙyamar nan sai ta bi iska. Kusan duk littafin da zan ambata a nan a kan wannan munafuncin yake kewaye.

Waɗanda suka fara kawo ta cikin adabin zamani maza ne 'yan manyan gidaje masu tausayi. Mulk Raj Anand a littafinsa Untouchable na 1935 ya kawo Sohini, 'yar gidan masu shara, tana zaune a bakin rijiya da tulunta tana jiran wani mai tsarki ya zo ya ja mata ruwa don ita ba ta da izinin taɓa guga. Malamin wurin bautarsu ya zo ya zuba mata, ya ce ta zo ta share masa gida, da ta je ya kai mata hannu, tana yin ihu sai shi ya riga ta fitowa yana kururuwa wai ta taɓa shi ta sa masa najasa. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Wurin yana da ƙarfi ba laifi, sai dai duk abin ta idon yayanta Bakha muke ganinsa, fushinsa muke ji, kunyarsa muke ji, ita Sohini an tura ta gida shi ke nan ba mu sake sanin yadda ta kwana ba. Premchand kuma a 1936 ya yi gajeren labarinsa Kafan, wato likkafani, kalmar ma da tamu duk daga Larabci aka aro su. Budhiya tana cikin bukka tana naƙuda tana nishi, mijinta da surukinta suna waje suna cin gasasshen dankali, kowa yana tsoron ya shiga duba ta ɗayan ya cinye rabonsa, gari ya waye ta mutu, suka bi gari suka roƙi kuɗin likkafani suka je suka shanye a mashaya. Labari ne da ake ji da shi a adabin Hindi, amma Budhiya ko kalma ɗaya ba ta furta ba daga farko har ƙarshe, nishi ne kawai sai gawa, kuma marubutan Dalit da yawa daga baya sun ce labarin ya mayar da mazansu tamkar dabbobi.

Kada wani ya ɗauka ihun malamin nan ƙagen marubuci ne. A 1992 a jihar Rajasthan wata ma'aikaciyar wayar da kai mai suna Bhanwari Devi, 'yar gidan maginan tukwane, ta yi ƙoƙarin hana a ɗaura wa jaririya aure, mazan gidan su jaririyar suka yi mata fyaɗe don su hukunta ta, a 1995 kotu ta sallame su, kuma cikin dalilan da aka kafa har da cewa ɗan babban gida ba zai ƙazantar da kansa da mace 'yar ƙaramin gida ba. Shekara sittin cif tsakanin littafin da hukuncin, hujjar ba ta canza ba.

Abin ya sauya ne da matan suka fara rubutu da kansu, kuma wadda ta fi tsaya min a rai ita ce Baby Kamble, 'yar Mahar daga Maharashtra. An yi mata aure tana shekara 13, tana zaman ɗan shago ita da mijinta, a nan take rubutu a ɓoye in ya fita, kuma wajen shekara ashirin tana ɓoye takardun don tsoronsa. Sai a 1982 wata mujallar mata ta fara bugawa kashi-kashi, a 1986 ya fito a littafi da harshen Marathi mai suna Jina Amucha, ma'ana rayuwarmu. Ku lura da sunan, ba ta ce rayuwata ba. Kusan duk littafin da "mu" take magana, don a wurinta ciwon na unguwa ne gaba ɗaya.

Kuma abin da take bayarwa ba wani babban tashin hankali na rana ɗaya ba ne irin wanda fim ke so. Matan unguwarsu za su yo itace a daji su kai gidan Brahmin su sayar, uwar gida tana tsaye daga nesa tana ce musu su duba da kyau kada gashin kansu ko zaren zanensu ya maƙale a jikin icen ya ɓata mata gida, sannan ta jefo kuɗin daga sama. In suka haɗu da ɗan babban gida a hanya sai su ratse cikin ƙaya su rufe fuska su yi gaisuwar ƙasƙanci, in wata sabuwar amarya ta manta ba ta yi ba mutumin zai biyo har unguwa yana zagi, sai surukanta su fito suna ba shi haƙuri, in ya tafi su rufe ta da duka. Ta bayyana yadda ake murna in saniyar wani ta mutu don ranar za a ci nama, da yadda mai jego ke kwana da yunwa ta ɗaure ciki da tsumma. Urmila Pawar ma a littafinta Aaydan na 2003, sunan kayan saƙar gora da mahaifiyarta ke yi ta ciyar da su, ta tuna tana yarinya in an aike ta kai kwando gidan masu saye, a waje za a tsayar da ita, a yayyafa wa kwandon ruwa kafin a ɗauka, a sako mata kwabban a tafin hannu daga sama kada fata ta haɗu da fata. Wannan ai ba rauni ba ne da za a ce ga ranar da aka ji shi, miki ne da kullum ake fama shi tun yarinya ba ta san sunan abin ba.

Sai kuma inda Kamble ta taɓo abin da mazan gwagwarmaya ba sa son ji. Ta ce su da aka mayar bayi sai su ma suka nemi nasu bawan, suka same shi a matar ɗa. Yarinya 'yar shekara takwas ko tara a kawo ta gidan miji, uwar miji ta hana ta barci ta hana ta abinci, in ta gudu a kamo ta a sa mata gungume a ƙafa, in uwar ta zuga ɗanta cewa matar tana lalata har hanci ake yanke mata. Ita kanta Kamble sai daga baya a wata hira da mai fassara littafin ta yarda cewa mijinta yana dukanta a kan zargin banza, a littafin ba ta sa ba. Wallahi wannan shirun ya fi min ciwo a kan wasu shafukan, mace ta tona asirin ƙasa guda amma na ɗakinta ya gagare ta.

A kudu can jihar Tamil Nadu akwai Bama, kirista ce, ta yi shekara bakwai tana sista kafin ta ajiye rigar ta fito saboda ta tarar da bambancin jati yana nan daram har a cikin coci. Littafinta na farko Karukku ya fito a 1992, sunan kuma na ƙayar nan ce ta gefen hannun ganyen giginya mai kama da zarto, wadda ke yanka mai tsintar itace. A ciki ta ba da labarin tana aji uku a firamare ta ga wani dattijon unguwarsu ya sayo wani abu kamar ƙosai a ƙunshi, ya riƙo shi ta igiyar ƙunshin yana lilo da shi, ya je ya rusuna ya miƙa wa mai gona. Dariya ta kama ta, ta zo gida tana kwaikwayo, yayanta bai yi dariya ba, ya ce mata ai don kada hannunsa ya taɓa abincin ne. Daga nan dariyar ta koma ciki. Da littafin ya fito mutanen ƙauyensu suka fusata wai ta tozarta su, ta yi watanni ba ta iya shiga garin.

A littafinta na biyu Sangati na 1994 akwai Mariamma, ta dawo daga itace ta tsaya shan ruwa a ɗakin injin ban ruwa, mai gonar ya fisgo ta, ta kuɓuce ta gudu ta bar icen. Ƙawayenta suka ce ta yi shiru, wa zai yarda da ke. Shi kuwa don tsoron kada magana ta fita sai ya riga ta, ya je wurin mai unguwar Dalit ɗin ya ce ya kama ta da wani saurayi suna abin da bai dace ba a gonarsa. Aka yi zaman dattawa, maza zalla, matan da suka san gaskiya suna gefe suna gunaguni ana korarsu, ubanta ya mare ta ya ce ta nemi gafara, aka ci ta tarar rupi 200 saurayin kuma 100. Ko mutum ɗaya bai ce a kira mai gonar ba, don gobe a gonarsa za su nemi aiki. Kun ga inda abin yake, dattawan nan ba lallai sun yarda da ƙaryar ba, cikinsu ne ya yanke hukuncin.

P. Sivakami, wadda Dalit ce kuma a lokacin babbar jami'ar gwamnati, ita ma a 1989 ta yi nata da Tamil a kan Thangam, bazawara marar ɗa da dangin miji suka hana gado, mai gonar rake ya danne ta ya mayar da ita abin hutawarsa, dangin matarsa suka yi mata dukan kawo wuƙa, ta rarrafo gidan jagoran Dalit na yankin neman taimako. Ya tsaya mata kam, ya juya maganar ta zama rikicin jati, ya tayar da hankalin 'yan sanda, aka biya diyya, sai ya karɓi kuɗin wai aro, ƙarshe ita ma ya haɗa ta cikin matansa. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Wurin da nake ganin Bama ta yi zurfi fiye da kowa shi ne maganar aljanu, kuma mu nan ba sai an yi mana dogon bayani ba. A unguwarsu ana yawan samun mace iska ta buge ta, ta yi ta juya kai tana birgima, a kira mai kiɗa ya zo ya yi ta bugu ana tambayar aljanin wane ne shi me yake so. Mai ba da labarin ta zauna ta yi tunani, ta ce wai me ya sa aljanun nan ba sa kama maza, kuma ba sa cika kama matan manyan gidaje, sai mu? Amsar da ta ba kanta ita ce mace ta tashi tun duhu ta ɗebo ruwa, ta wuni a gona a biya ta ƙasa da namiji a kan aiki iri ɗaya, tana aiki tana waige don tsoron mai gona, ta dawo ta yi girki, miji ya dawo a buge ya dake ta sannan ya neme ta, babu daren da za ta kwanta hankalinta kwance, to ina kan nan zai kai kayan? Kamble ma ta kawo irin wannan, a watan bikinsu na damina mata su yi ta hawa bori, kuma a wannan ɗan lokacin ne kaɗai mijin da ke dukanta zai zo ya faɗi a gabanta yana roƙon uwar da ta hau kanta. Likitocin ƙwaƙwalwa suna da sunayensu na wannan ciwo, matan nan ba su jira su ba, daga tsakar gida suka gano shi.

Na Adibasi kuma ƙirarsa daban ce kaɗan. Su ba ƙyamar taɓawa ce ta fi cinsu ba, ƙasarsu ce, dajin da suke zaune a kai akwai katako akwai gawayi akwai ƙarfe, akwai koguna da ake son yi wa madatsa, shi ya sa wanda ke zuwa kan matarsu yawanci da kaki yake zuwa, ɗan sanda ko soja ko mai gadin daji, ko kuma ɗan kwangila da mai ba da bashi. A 1972 'yan sanda biyu suka yi wa wata yarinya Adibasi mai suna Mathura fyaɗe a cikin ofishinsu a Maharashtra, shari'a ta kai Kotun Ƙoli aka sallame su, wai babu rauni a jikinta kuma ba ta yi ihu ba. Sai da malaman shari'a huɗu suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a 1979, mata suka fito kan titi, kafin aka gyara dokar a 1983.

A wannan yanayin ne Mahasweta Devi, marubuciyar Bengali da ta rasu a 2016, ta fitar da labarinta Draupadi a 1978. Sunan daga tsohon littafinsu Mahabharata aka ɗauko shi, inda aka ci wata gimbiya a caca aka jawo ta gaban fada za a tuɓe ta, ana jan zanen yana ƙaruwa don abin bautarsu Krishna ya kawo mata ɗauki. Ita kuwa ta Mahasweta 'yar Santal ce, ko sunan ma bakinsu Dopdi yake iya faɗa, shekararta 27, tana cikin 'yan tawayen manoma da suka samo asali daga boren Naxalbari na 1967, ita da mijinta suna cikin waɗanda suka kashe wani mai ƙasa da ya hana mutane ruwan rijiyoyinsa lokacin fari. An kashe mijin, ita aka kama ta a daji, babban jami'in, mutum mai karatu da ke ganin ya fahimci talakawa, ya yi mata tambayoyi, lokacin cin abincinsa ya yi ya ba yaransa umarni a dunƙule ya tafi. Dare guda suna kanta. Babu wanda ya sauko daga sama da zane. Da safe aka ce a kawo ta, aka ba ta ruwa ta zubar, aka ba ta zanenta ta yayyaga shi da haƙori, ta taka tsirara jini na zuba har gabansa, ta ce masa su da suka iya tuɓe ta ai ba su isa su sa mata sutura ba, kuma ba ta ga namijin da za ta ji kunya a wurin ba, ta ture shi da ƙirjinta da suka yayyaga. A karon farko mutumin ya ji tsoron wanda ba ya riƙe da makami.

Abin da ta gano shi ne makamin nasu kunya ce, an yi mata abin ne don ta sunkuyar da kai ta ɓuya, da ta ƙi ɗauka sai kunyar ta rasa inda za ta zauna ta koma kan mai ita. Bama ma tana da irin wannan a Sangati amma na cikin unguwa, wata Rakkamma da in mijinta ya fara dukanta a bainar jama'a sai ta yi ta ɗura masa ashar har ta ɗaga zane, mutane su watse suna tir, ita kuma ta ce in ba ta yi haka ba ƙasusuwanta zai karya. Kuma abin ya fito daga takarda ya taka ƙasa, a watan Yulin 2004 a Manipur bayan an tsinci gawar Thangjam Manorama da dakarun Assam Rifles suka tafi da ita da dare, iyaye mata goma sha biyu suka tuɓe a ƙofar barikin Kangla riƙe da ƙyalle da ke cewa sojan Indiya su zo su yi musu su ma.

Amma fa ni ina ɗan ja da baya da yadda masana ke yi wa wannan wurin tafi. Makamin wanda ba shi da sauran komai ne, kuma ba kullum yake ci ba, a Manipur ɗin dai a 2023 gungun maza ne suka tuɓe mata biyu 'yan ƙabilar Kuki suka zaga da su ana ɗauka a waya, babu wanda kunya ta kama. Labarin Dopdi ya tsaya daidai inda jami'in ya tsorata, ba a faɗa mana abin da ya faru bayan minti biyar ba, kuma kowa ya sani. Sannan Mahasweta, duk da shekarun da ta kwashe tana bin ƙauyukan ƙabilun Lodha da Sabar tana kai musu ƙara kotu, ita 'yar gidan Brahmin ce, kuma matanta sau da yawa sukan zama alama fiye da mutum. Dubi Douloti ta wani labarin nata, 'yar bawan bashi da aka saya aka kai gidan karuwai don biyan bashin ubanta, ciwo ya cinye ta, ta zo ta faɗi ta mutu a kan taswirar Indiya da aka zana a filin makaranta don bikin ranar 'yancin kai. Hoton yana dukan zuciya, ba musu, sai dai ka ga hannun marubuciya ƙarara tana jera shi. Matan Kamble da Bama kuwa suna tsegumi, suna yi wa mai gona waƙar zambo, suna raba kifi suna faɗa a bakin famfo, ga barkwanci, har Bama ta ƙi rubutu da Tamil na makaranta ta yi da bakin unguwarsu da ashar ɗinsa da komai, masana suka ce ta ɓata harshe. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shi ya san inda ba ya yi.

Wani abin lura, duk wanda ya rubuta wannan abu sai an ce ya zubar da mutunci, bambancin kawai mutuncin wa. A watan Agustan 2021 Jami'ar Delhi ta cire Draupadi daga manhajar masu karanta Ingilishi, ta haɗa da rubutun Bama da na mawaƙiyar Dalit Sukirtharani, malamai da dama suka yi ta ƙorafi amma aka wuce wurin. Wannan daga sama ke nan. Daga gida kuma, Hansda Sowvendra Shekhar likita ne ɗan Santal, ya fitar da tarin labarai a 2015 mai suna The Adivasi Will Not Dance, wato Adibasi ba zai yi rawa ba, a 2017 wasu daga cikin mutanensa suka taso masa har da ƙona hotonsa wai ya ci mutuncin matan Santal, gwamnatin Jharkhand ta haramta littafin aka kuma dakatar da shi daga aiki, sai bayan watanni aka janye haramcin.

Labarin da ya jawo masa wannan bai fi 'yan shafuka ba. Watan Nuwamba ne, lokacin da mutanen Santal ke ɗunguma zuwa Bengal ƙwadagon gonakin shinkafa, suna zube a tashar jirgin ƙasa da dare suna jira. Talamai 'yar shekara ashirin tana cikinsu da iyayenta. Wani ɗan sandan tasha ya ɗaga mata abinci daga nesa ya tambaye ta ko tana jin yunwa, ya ce akwai aikin da za ta yi masa, ta gane aikin don ta sha ganin 'yan matan garinsu suna yi da direbobin motocin gawayi, ita ma ba yau ta fara ba. Ta bi shi bayan tasha cikin duhu, ta kwanta shiru ba motsi don ta san haka aka fi saurin gamawa. Da ya gama ya ba ta soyayyen burodi guda biyu da ya riga ya huce da takardar rupi 50. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba, ba ta yaga komai ba. Ta gyara ɗaurin zanenta, ta soke kuɗin a cikin riga, ta cinye burodin duka biyun, ta koma wurin mutanenta suka ci gaba da jiran jirgi.